Elmer Keith

Elmer Merrifield Keith (8 ga Maris, 1899 – Fabrairu 1984) makiyayi ne, mafarauci kuma marubuci ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da rawar da ya taka wajen samar da harsasan bindigar hannu guda uku, wato .357 Magnum, .44 Magnum da .41 Magnum, da kuma wani samfurin kan harsashi da har yau ake kira da sunansa. Ya shafe sama da shekara hamsin yana rubutu a kan ra'ayi ɗaya: harsashi mai faɗi da nauyi, wanda ke ratsa jiki da zurfi, shi ne abin dogaro wajen kayar da dabba ko tsayar da maharin da ke neman ran mutum. Mafarauta sun karɓi wannan ra'ayi sosai. 'Yan sanda kuwa sun gwada shi, daga baya suka koma wata hanya.

Farkon rayuwa

An haifi Keith a garin Hardin da ke jihar Missouri. Yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Montana, inda ya tashi cikin makiyayan shanu da masu horar da dawaki. A shekarar 1911 gobara ta kama masaukin da yake kwana a birnin Missoula, ya ƙone sosai, hannunsa na hagu kuma ya ƙandare. Kamar yadda ya bayar da labari a tarihin rayuwarsa, shi da kansa ya roƙi mahaifinsa ya sake karya hannun a miƙar da shi, kuma da haka ya dawo yana iya riƙe bindiga.

Bai yi karatun boko mai zurfi ba. Ya yi kiwo, ya yi horar da dawaki, ya kuma zama jagoran mafarautan da ke zuwa daga birane. Ya auri matarsa Lorraine a 1926. Sun fara zama a Durkee ta jihar Oregon, sannan suka koma yankin kogin Salmon a jihar Idaho, wurin da ya zauna kusan duk sauran rayuwarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin duba bindigogin soja a ma'ajiyar makamai ta Ogden, jihar Utah, kuma waɗanda suka bi ta hannunsa suna ɗauke da tambarin OGEK.

Bindigar da ta fashe

A shekarun 1920 Keith na amfani da libarba, wato bindigar hannu mai juyawa, ƙirar Colt mai cin harsashin .45. Kamar mafarauta da yawa na lokacin, da kansa yake zuba dalma ya ɗura harsasansa. Wata rana ya ɗora kan harsashi mai nauyi wanda aka yi domin doguwar bindiga, sai libarbar ta fashe a hannunsa. Wannan haɗari ya sa ya koma harsashin .44 Special. Dalilin mai sauƙi ne: ramin .44 ya fi na .45 ƙanƙanta, don haka ƙarfen da ke kewaye da kowane rami ya fi kauri, yana iya jure matsi mai yawa.

Daga nan ya tsara kan harsashinsa. Gabansa a baje yake da faɗi, ba mai tsini ko kumburi ba, a bayansa kuma akwai kafaɗa mai kaifi. Na .44 ɗin nauyinsa kusan giram 16 ne, kuma kamfanin Lyman ya riƙa sayar da abin zubinsa da lamba 429421. Hikimar ita ce baki mai faɗi yana murƙushe nama ya bar rami babba, nauyin kuma yana tura shi ya karya ƙashi ya wuce ba tare da ya karkace ba. Keith ya ɗauka kafaɗar ma tana yanka nama. Gwaje-gwajen da aka yi bayansa sun nuna cewa faɗin bakin ne ke yin yawancin aikin, amma samfurin bai daina aiki ba saboda an gyara bayaninsa.

A 1929 ya wallafa bayanin wata libarba da aka haɗa masa musamman daga sassan Colt iri biyu, wadda aka sani da Lamba 5, a mujallar American Rifleman.

Harsasan Magnum

Kalmar magnum daga Latin take, ma'anarta babba. Lambobin da ke gaban sunayen kuwa faɗin harsashi ne da inci, sai dai ba kullum suke daidai ba. Harsashin .38 Special da na .357 faɗinsu ɗaya ne, inci 0.357, kuma wanda ake kira .44 ainihin faɗinsa inci 0.429 ne, kusan milimita 10.9. Wannan ruɗani gado ne daga tsohuwar hanyar auna harsasai ta ƙarni na 19.

A zamanin haramcin giya a Amurka, 'yan sanda sun koka cewa harsashin .38 ba ya huda jikin motocin 'yan daba da rigunan sulkensu. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da libarba mai ƙarfi a 1930, Keith kuma yana cikin waɗanda suka riƙa gwada ɗuri mai zafi a cikinta. Sakamakon shi ne .357 Magnum na 1935, wanda Smith & Wesson da Winchester suka fitar. An ƙara wa kwansonsa tsawo kaɗan domin kada ya shiga tsofaffin bindigogi ya fasa su. A nan ya kamata a rage wa Keith yabo, domin Douglas Wesson da Philip Sharpe ne suka fi kusa da aikin kai tsaye.

Na .44 Magnum kam nasa ne. Kusan shekara talatin yana matsa wa kamfanoni su fitar da .44 mai gudun mita 365 a sakan ɗaya. A ƙarshen 1955 Remington ta yi harsashin, Smith & Wesson ta yi bindigar da daga baya aka sa wa suna Model 29, kuma gudun da aka samu ya wuce mita 400 a sakan, fiye da abin da ya nema. Kamfanin Ruger ya bi sahu da Blackhawk a 1956. Da farko galibi mafarauta da masu sha'awar bindiga ne ke saye, sai fim ɗin Dirty Harry na Clint Eastwood ya fito a 1971, mutane suka yi ta rububin bindigar. Da yawa cikinsu ba su jure yadda take dukan hannu ba.

Batun tsayar da mahari

Muhawarar ta girmi Keith. A yaƙin da Amurka ta yi da mayaƙan Moro a kudancin Filifin a farkon ƙarni na 20, sojoji sun ba da rahoton cewa harsashin .38 Long Colt ba ya tsayar da mai kawo hari. A 1904 John Thompson da likitan soja Louis La Garde suka yi gwaji a kan shanu da gawarwaki, suka ba da shawarar kada faɗin harsashin soja ya gaza .45. Wannan ne ya share hanyar bindigar M1911. Keith ya tashi da wannan fahimta, abin da ya gani a daji kuma ya ƙarfafa masa ita.

Ya so ya kai ta ga 'yan sanda. Tare da Bill Jordan, jami'in tsaron kan iyaka, ya nemi a yi harsashi tsakanin .357 da .44, mai matsakaicin gudu, wanda ɗan sanda zai iya sarrafawa. An fitar da .41 Magnum a 1964 da bindigogi biyu, Model 57 da Model 58. Sai dai ɗurin da ya fito daga masana'anta ya fi wanda suka nema zafi, bindigar kuma ta yi nauyin ɗauka yini guda. Rundunoni kaɗan ne suka karɓa, irin su San Antonio da San Francisco, su ma ba su daɗe da ita ba. Harsashin ya ƙare a hannun mafarauta.

Abin da ya biyo bayan mutuwarsa ya raba gardamar gida biyu. Bayan musayar wuta da aka yi a Miami ranar 11 ga Afrilu, 1986, inda jami'an FBI biyu suka mutu, hukumar ta kafa ma'aunin cewa dole harsashi ya ratsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu mai kama da naman jiki. Wannan ya gaskata Keith a kan muhimmancin zurfi. Hukumar ta koma harsashin milimita 10, sannan .40, amma a tsakiyar shekarun 2010 ta dawo kan milimita 9, bisa hujjar cewa harsasan zamani sun kai wannan zurfi, jami'ai kuma sun fi samun saiti da bindigar da ba ta dukan hannu sosai. Likitocin da suka yi nazarin raunuka, irin su Martin Fackler, sun nuna cewa harsashin bindigar hannu ba ya tunkuɗe mutum ya faɗi. Abin da ke tsayar da shi shi ne wurin da aka samu. Dabba mai kauri da manyan ƙasusuwa lamarinta daban ne, kuma a can harsashi mai nauyi da baki mai faɗi bai rasa kasuwa ba.

Farauta da gardama

Labarin da ya fi jawo masa surutu shi ne na wata barewa da abokin farautarsa ya raunata, Keith ya ce ya ƙarasa ta da .44 Magnum daga nisan kusan yadi 600, wato mita 550. Wasu sun ƙaryata, wasu sun ce sa'a ce. Masu kare shi sun nuna cewa ya daɗe yana atisayen harbin nesa da libarba, kuma dabbar ta riga ta ji rauni tana shirin ɓacewa, ba lafiyayya ya hara daga wannan nisa ba.

A fannin doguwar bindiga ma ra'ayinsa bai canza ba. Tare da Charles O'Neil da Don Hopkins ya samar da .333 OKH, wanda ya yi tasiri a kan .338 Winchester Magnum na 1958. Babban abokin hamayyarsa shi ne Jack O'Connor na mujallar Outdoor Life, tsohon malamin jami'a, wanda ke ganin .270 Winchester mai sauƙi da gudu ya isa ga yawancin namun dajin Amurka idan an yi saiti da kyau. Keith ya ɗauke shi bai isa ga manyan barewar elk ba. Shekaru da dama masu karatu suna rabe tsakanin su biyun, kuma akwai ƙiyayya ta gaske a ciki. Keith ya kuma yi farauta a Gabashin Afirka da manyan bindigogi masu baki biyu ƙirar Ingila.

Rubuce-rubuce da mutuwa

Littafinsa Sixgun Cartridges and Loads ya fito a 1936, Sixguns a 1955, Safari a 1968, sai tarihin rayuwarsa Hell, I Was There a 1979. Ya daɗe yana da shafi a mujallar Guns & Ammo, kuma an san shi da amsa wasiƙun masu karatu da kansa. Rubutunsa na baka ne, editoci na shan aikin gyara. Mutum ne gajere, kullum da babbar malafa da sigari mai kauri. A 1973 ya zama na farko da aka ba lambar yabo ta Outstanding American Handgunner.

Shanyewar ɓarin jiki ta same shi a ƙarshen 1981. Ya yi sauran kwanakinsa a gidan jinya a birnin Boise, inda ya mutu a watan Fabrairun 1984 yana da shekara 84. An baje bindigoginsa da kawunan namun da ya farauto a Boise na wasu shekaru, kafin a yi gwanjon bindigogin a 2015, har da Lamba 5.