Musa Ɗanƙwairo: Uban kiɗin da ya ɗauki nauyin ƙungiya daga gona zuwa fadar Sardauna

A watan Satumba na 1991, makonni kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa an mai da Dutse babban birninta, Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun rasuwa. Fiye da shekara 30 ke nan, amma har yau da wuya a yi hawan salla ko naɗin sarauta a Dutse, Ringim ko Haɗejiya ba a ji muryarsa tana tashi daga lasifika ko daga wayar wani matashi ba. Sai dai duk mai saurare da natsuwa zai lura cewa muryoyi da dama ne ke karɓa wa juna, da hannuwa masu yawa a kan kotso. Mutane ne masu iyali, kuma cinsu da suturarsu da haɗin kansu duk suna wuyan mutum ɗaya.

An haife shi a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yau, a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne, saboda haka kiɗa gado ne a wurinsa. Laƙabin Ɗanƙwairo kuwa ya samo shi ne daga wani yaron gidansu mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa wajen kiɗan noma, inda ake zuga manoma a gayya. Da mahaifin ya rasu, shugabanci ya koma hannun wansa, Kurna, shi kuma ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimakin shugaba. A wannan matsayi ya koyi sashen sana'ar da ba ya fitowa a faifai, kafin daga baya ya ja tasa ƙungiyar, ya kuma yi zama a fadar 'Yandoton Tsafe.

Ƙungiyar makaɗan fada tana da tsari irin na ma'aikata. Akwai uban kiɗi, da daudu, da 'yan amshi, da masu kotso, da sanƙira wanda ke yi wa jama'a fashin baƙi yana kuma shelanta kyauta. Tun kafin a fita ake duba fatar kotso, a ɗaure tsarkiya, a gyara naken da ke tsakiyar fatar, domin sanyin damina da bushewar hunturu kowanne yana sauya amon ganga. Waƙa kuma ba a filin taro ake ƙirƙirarta ba. Sai an fara samun amshi, an yi ta maimaita shi har ya zauna a bakin kowa, sannan a ɗora ɗiyan waƙa. Kafin nan dole a binciki asalin wanda za a wasa: kakanninsa, garuruwan da suka riƙa, da abokan hamayyarsa a gidan sarauta, waɗanda za a yi wa habaici ko zambo. Kuskure guda a jerin kakannin basarake ya isa ya zubar da mutuncin ƙungiya gaba ɗaya.

A nan Ɗanƙwairo ya yi zarra. 'Yan amshinsa, waɗanda 'ya'yansa na cikinsu, ba maimaita amshi kawai suke yi ba. Yakan fara magana ya sake ta, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, ya dawo ya karɓe ba tare da an ji gurbi ba. Irin wannan saƙa tana bukatar dogon bita, tana kuma bukatar mutanen da suka daɗe tare. Daɗewa tare kuwa tana rataye ne ga rabon abin da aka samu. Doki, riga, damin hatsi, daga baya mota da kujerar Makka, duk da sunan uban kiɗi suke zuwa, shi ne zai kasa wa kowa gwargwadon matsayinsa. Wanda bai iya wannan rabo ba, yaransa kan watse ko da muryarsa ta kai zuma.

Turawa ma sun san wannan hali. Wasan waƙe da suke kira opera a fadojin sarakunan Italiya ya girma, kuma a fadar Mantuwa aka fara nuna shahararren wasan Monteverdi a 1607. Amma a 1637 aka buɗe gidan wasa a birnin Banis inda kowa zai biya kuɗin ƙofa ya shiga. Kiɗan fadar Hausa bai bi wannan hanya ba. Abincinsa ya ci gaba da fitowa daga hannun ubangida, kuma wanda ke ciyar da mawaƙi yana da ta cewa a kan abin da za a rera.

Da siyasar jam'iyyu ta kankama, Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya zama babban ubangidansa. Waƙoƙin da ya yi masa sun kai sunansa ko'ina ta gidan rediyon Kaduna. Ba za a ce waƙoƙin ba ruwansu da siyasa ba: a zamanin da magoya bayan NEPU ke shan ɗauri da tsangwama a lardin Kano, wanda ƙasar Dutse ke cikinsa, mafi gwanintar kiɗan fada yana gefen NPC mai mulki.

Ranar 15 ga Janairu, 1966 sojoji suka kashe Sardauna, ƙungiyar ta wayi gari ba babbar inuwarta. Ɗanƙwairo bai bari ta tarwatse ba. Ya faɗaɗa farfajiyarsa zuwa wasu fadoji, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero waƙoƙin da har yau ake saurare, ya kuma wasa attajirai da manyan ma'aikata. Haka ya riƙe jama'arsa shekara 25 bayan Sardauna, cikin mulkin soja da na farar hula. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka ci gaba da riƙon kotson gidan.