Babban Gwani, Maginin Da Ya Ɗaukaka Ginin Ƙasa

'Yan'uwana mata, a wannan mako filinmu zai kawo muku tarihin Malam Mika'ilu na Zariya, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shugaban magina a zamaninsa.

Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Ba siminti, ba ƙarfe. Da tubali da azara ya tayar da ginshiƙai, ya lanƙwasa bakan gizo, ya ɗora tulluwa a kansu. Azara kuwa, ga waɗanda ba su sani ba, itacen giginya ne da ake tsagawa, gara ba ta cinsa da wuri. Kaurin bangon shi ke tare zafin rana, sai ciki ya yi sanyi ko a tsakiyar bazara.

Masu ba da tarihi suna cewa bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi kyau. Har yanzu akwai unguwa a birnin Zariya mai sunansa. A Jos kuma, a filin gidan tarihin gine-ginenmu na gargajiya, an gina kwatankwacin masallacin nasa, inda jama'a ke zuwa kallo.

To, ina ruwan mata da aikin magina? Da ruwanmu mana. Mu ke wuni a gida. A nan Gidan Katta da Illela, kowa ya san yadda ɗakin bulo da kwano yake zama tanda a watan Afrilu, yara su kasa barci. Daɓen ƙasa da makubar ɗorawa kuma aikin iyayenmu mata ne tun da can, ga shi yana neman ɓacewa.

Saboda haka, in maigida ya tashi gini, ki ba shi shawara a bar ko ɗaki ɗaya na ƙasa, a riƙa yi masa yaɓe kafin damina. A dasa darbejiya a tsakar gida don inuwa, a shuka giginya a gona, gama in ta ƙare, azara ta ƙare.

Allah Ya jiƙan Babban Gwani, amin. Sai mako mai zuwa.