Lord Rayleigh, Mutumin da Ya Gano Dalilin Shuɗin Sama

An haifi John William Strutt, wanda duniya ta fi sani da Lord Rayleigh, ranar 12 ga Nuwamba 1842 a yankin Essex na ƙasar Ingila. Ɗan gidan sarauta ne, amma ya taso da laulayi, har ciwo ya katse masa karatu a manyan makarantu biyu, Eton da Harrow. Duk da haka ya shiga Jami'ar Kambirij a 1861, kuma a 1865 shi ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi ta fita.

A 1871 ya amsa tambayar nan da yara kan yi, manya su rasa ta cewa: me ya sa sama take shuɗiya? Hasken rana da muke gani fari, ai haɗin launukan bakan gizo ne. Kowane launi yana tafiya kamar igiyar ruwa, sai dai igiyar ja doguwa ce, ta shuɗi gajera. Rayleigh ya nuna da lissafi cewa idan haske ya ci karo da ƙwayoyin da suka fi igiyarsa ƙanƙanta sosai, gajerar igiya ta fi warwatsuwa nesa ba kusa ba. In tsawon igiya ya ragu da rabi, warwatsuwar sai ta ninka sau 16. Shi ya sa shuɗi ke warwatsuwa fiye da ja wajen sau biyar zuwa shida, ya cika sararin sama. Da almuru kuwa, hasken yana yin doguwar tafiya cikin iska kafin ya iso idonmu, shuɗin ya zube a hanya, ja da ruwan goro su rage. A 1899 ya ƙara nuna cewa ko babu ƙura, ƙwayoyin iskar kansu sun isa su ba da wannan launi.

Mu nan ba sai mun je Ingila ba kafin mu gwada maganarsa. Duk wanda ya taso a Dabawa, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma, ya san sama iri biyu. In an ɗauke ruwa a watan Agusta, ƙura ta wanke, shuɗin yakan fito tas. Da hunturu kuwa iska tana kwaso ƙurar Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙwayoyinta manya ne, suna watsa kowane launi kusan daidai wa daida, sai sama ta yi fari fat, rana ta dushe. Lissafin irin wannan hazo, wani Bajamushe, Gustav Mie, ne ya yi shi a 1908.

Shi dai Rayleigh ciwo bai rabu da shi ba. A 1872 zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi, ya tafi Masar neman sauƙi, kuma a cikin jirgin ruwa a kogin Nilu ya fara rubuta shahararren littafinsa kan sauti. Mahaifinsa ya rasu a 1873, ya gaji sarauta da gonakin Terling. Daga baya ya bar wa ƙaninsa kula da gonakin, shi kuma ya duƙufa a ɗakin gwajin da ya kafa a gida, da kayan aiki marasa tsada. Daga 1879 zuwa 1884 ya shugabanci ɗakin gwaji na Cavendish a Kambirij.

To, ga inda ya kamata mu 'yan ajin ƙarshe mu kasa kunne. Yana auna nauyin iskar naitirojin, sai ya ga wadda ya tace daga iskar da muke shaƙa ta fi wadda ya samo daga sinadarai nauyi da wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ɗan bambanci ne, irin wanda wasunmu kan ɗora wa sikeli laifinsa, su gyara lamba a rahoton furojet, malam ya sa hannu, shi ke nan. Shi kam ya ƙi. A 1892 ya rubuta wa mujallar Nature wasiƙa yana neman wanda zai taimaka da bayani. Ya yi ta maimaita awon, har shi da William Ramsay suka sanar a 1894 cewa akwai wata iska da ba a sani ba ɓoye cikin naitirojin ɗin. Ita ce agon, wadda ta kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar duniya, ita ce kuma masu walda ke amfani da ita yau wajen haɗa alminiyom.

A 1904 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks, ya miƙa kuɗin ga Jami'ar Kambirij. Ya rasu ranar 30 ga Yuni 1919 a Terling, yana da shekara 76, ya bar maƙalu sama da 400.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in awonka ya ƙi daidaita da na littafi, kada ka yi saurin ɗaukar abin goge rubutu. Sake awon, ka rubuta abin da ka gani, ka kai wa malaminka yadda yake.