Bob Marley: Rangadin da ajali ya katse

An haifi Bob Marley ranar 6 ga Fabrairu, 1945, a ƙauyen Nine Mile na Jamaika, ya taso a unguwar talakawa ta Trenchtown, inda ya koyi mayar da kukan marasa galihu waƙa. A Disamban 1976, ana tsakiyar rikicin siyasa, 'yan bindiga suka raunata shi, amma bayan kwana biyu ya hau dandamali.

A Afrilun 1980 ya yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabwe, kuma daga aljihunsa ya biya kuɗin tafiyar ƙungiyarsa ta Wailers. Ranar 30 ga Mayu ya fara rangadin tallata faifan Uprising a Zurich. A Milan kaɗai, kimanin mutum 100,000 suka hallara.

Duk wannan lokaci, ciwon dajin da aka gano a yatsan ƙafarsa tun 1977 yana cin jikinsa. Ranar 21 ga Satumba ya yanke jiki ya faɗi a New York. Bayan kwana biyu ya daure ya yi wasansa na ƙarshe a Pittsburgh, aka soke sauran rangadin. Ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.