Kyaftin Evans: Matuƙin Jirgin Da Ya Bar Sunansa A Darar Turawa

A wasan ces, wato darar Turawa, hanyoyin buɗe wasa da dama suna ɗauke da sunayen gwanayen da suka shuɗe. Yau mun kawo muku tarihin ɗaya daga cikinsu, William Davies Evans.

An haife shi a yankin Wales na Birtaniya a 1790. Yana ɗan shekara 14 ya shiga aikin jirgin ruwa, har ya zama kyaftin mai jigilar wasiƙu tsakanin Wales da Ailan. A cikin wannan zirga-zirga, wajen 1824, ya ƙirƙiro dabarar da ake kira Evans Gambit.

Dabarar ba za ta yi wa ɗan kasuwa wuyar ganewa ba. A motsi na huɗu, mai fararen 'ya'ya yakan ba da ƙaramin soja ɗaya kyauta. Kafin abokin karawa ya gama ci ya janye, shi ya riga ya kame tsakiyar fage. Amma idan harin bai ci ba, asarar ta zauna masa.

Evans ne kuma ya fito da tsarin fitilu masu launi uku domin hana jirage karo da dare, har gwamnati ta ba shi tukuicin fam 1,500. Duk da haka, cikin ƙuncin hannu ya mutu a Ostend ta ƙasar Beljiyam a 1872.

Kuɗin sun ƙare, sunan ya rage. A 1995 da wannan dabara Kasparov ya kayar da Anand.