Bernard Fagg da Shanun Duwatsun Birnin Kudu

An haifi Bernard Fagg a Landan a 1915. Ya zo Najeriya a 1939 a matsayin jami'in mulkin mallaka, amma zuciyarsa ta karkata ga kayan tarihi. Shi ya sanar da duniya mutum-mutumin yumɓu na Nok, ya kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

A 1955 yawon bincike ya kai shi Birnin Kudu, inda ya ɗauki hotunan dabbobin da mutanen zamanin da suka zana a kogon duwatsu irin su Dutsen Mesa. Shanu ne, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere, kuma ba su da tozo irin na shanun Fulanin yau. Nan kuma ya tarar da duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buga su. Mutanen gari sun san su tun kaka da kakanni; gudummawarsa ita ce adana siffarsu a hoto da rubutu, domin zanen jikin dutse dusashewa yake yi.

A 1963 ya koma Oxford ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers. Ya rasu a 1987.