Kafin Superman Akwai Gandoki: Rayuwar Malam Bello Kagara

Jama'a, a majalisarmu ta shagon cajin waya a nan Gozaki babu musun da ya kai na jaruman finafinai zafi. Wannan ya ce Batman ba kowa ba ne in aka cire masa kuɗi, wancan ya ce Black Panther ne kaɗai namu. Akwai wani abokina da ke karanta littattafan zanen a waya, kullum ƙorafinsa shi ne marubutan baya sun ɓata Captain America. Ranar da na gaji sai na jefa masu sunan Gandoki. Shiru. Cikin mu tara mutum biyu ne suka taɓa jin sunan, ɗaya ma ya ɗauka wani tsohon ɗan dambe ne. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa yau zan ba ku labarin mutumin da ya ƙirƙiro shi.

Sunansa Malam Muhammadu Bello Kagara. An haife shi a 1890 a Kagara, wadda yau take cikin Jihar Neja, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne. Ku riƙe shekarar nan, don ita ce mabuɗin komai. A 1901 sojojin Turawa suka ci Kwantagora, garin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, mutane suka watse, iyayen Bello na cikin waɗanda suka yi gudun hijira. Lokacin bai wuce shekara 11 ba. Wato abin da mu muke kallo a fim, gari na ci da wuta uwa na jan hannun ɗanta, shi da ƙafarsa ya taka shi.

Sai kuma rayuwa ta juya. Yaron da ya gudu daga Turawa shi ne ya je ya zauna a makarantarsu ta Nassarawa a Kano, ta Ɗan Hausa, bayan karatun addinin da ya samu a gida. Daga baya ya zama malamin Larabci da addini a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, na ofishin fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja, Gandoki, Shehu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin da ke ba ni dariya, gasar kamar ta 'yan gida ce. Mai Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, ƙanin Malam Bello ne, ya ba shi shekara 21. Mai Shehu Umar kuma Tafawa Ɓalewa ne, ɗalibin kwalejin da yake koyarwa. An buga Gandoki a 1934. Superman bai fito ba sai 1938, Batman 1939, Black Panther kuwa sai 1966. Ku lissafa da kanku.

Ni a cikin akwatin ƙarfen kawuna na tsinci littafin, bangon ya yage, gara ta ɗan taɓa gefe. Ɗan siriri ne, a zama ɗaya na gama. Gandoki mayaƙi ne na zamanin Nagwamatse, shi yake ba da labarin da bakinsa, yana yi yana wasa kansa. Kirari kam ba a magana. Duk wanda ke jin Shata ya san yadda kirari ke sa tsikar jiki tashi, to haka shafukan nan suke, sai ka ji kamar a sa masu kalangu. Farkon littafin yaƙi ne da Turawa, da garuruwa da sarakunan da aka sani a tarihi. Da ƙasa ta ci, sai ya nausa gabas shi da ɗansa Garba Gagare, daga nan labari ya bar duniyarmu ya shiga ta aljannu da dodanni da sarakunan nesa, ana sara ana suka. A ƙarshe ya dawo gida ya tarar Turawa sun zauna daram, shi kuma ya yaba da zaman lafiya da sabbin abubuwan da ya gani.

To, a nan ne rigima take. Da littafin ya zagaya majalisa sai muka rabu uku. Wasu suka ce rabin farko ne littafi, shigowar aljannu ta ɓata shi, kamar fim ɗin da aka fara da gaske aka ƙare da siddabaru. Wasu suka ce ai ɓangaren aljannun ne daɗin, da za a samu mai kuɗi ya zuba a fim da an manta da Thor. Na ukun, su ne masu zafi, suka ce Gandoki ya ci amana: ya za a yi ka yaƙi mutane da takobi, ka dawo kana yaba masu? Wani ma cewa ya yi gara Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, shi ɗan duniya ne kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Ni ina ganin masu cewa cin amana sun yi sauri. Ku dubi wanda ya riƙe alƙalamin. Mutum ne da ya ga faɗuwar ƙasarsa yana yaro, ya girma yana karɓar albashi a makarantar waɗanda suka ci ta, kuma Bature ne zai karanta rubutun kafin a buga. A haka ya ɗauki mutumin da ya yaƙi Turawa ya mai da shi gwarzo, ya cika masa baki da kirari, aka buga, yara suka karanta a aji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a 1934. Ɓangaren aljannun ma ni ban ɗauke shi shirme ba. A zahiri an sha kashi, Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi hijira gabas a Burmi aka kashe shi a 1903. Bindiga mai ruwa ba ta san kirari ba. Sai marubuci ya kai jaruminsa inda takobi ke da sauran amfani, ya bar shi ya ci nasarar da aka hana shi a gida.

Amma ba zan wanke littafin tas ba. Zamanin da Gandoki ke taƙama da shi zamanin hare-hare ne da kamen bayi, Nagwamatse kansa da wannan ya yi suna. Wanda aka kama kakansa a irin wannan hari ba zai ji kirarin nan yadda na ji shi ba. Na faɗi haka a majalisa, musu ya ƙara tashi sabo.

Malam Bello ya daɗe yana koyarwa, har zuwa 1945. Bayan nan ya koma harkar shari'a a Katsina, aka naɗa shi Walin Katsina, ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu a 1971, Allah ya jiƙansa. Shehu Umar na ɗalibinsa ya zama fim a 1976 a hannun Adamu Halilu, Magana Jari Ce na ƙaninsa ya shiga talabijin. Ni dai Gandoki nake jira in gani a allo, kuma ina so in ga wane darakta ne zai iya da ƙarshen nan.

Littafin yanzu yana hannun mai karanta Captain America ɗin nan. Sati uku ke nan, kawu ya fara tambaya.